Yarinyar da Ban Ƙirga Ba

Tun da na dawo, duk wadda ta gan ni a bakin laburare ko a layin mai awara sai ta tare ni: "Rukayya, yaya ƙauye? Wai da gaske ne kin bar takalminki a taɓo?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu, in ba kowa abin da zai yi dariya in wuce. To ga shi nan ɗungurungum, wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata. Sai dai in faɗa muku tun yanzu, ba duka ne abin dariya ba. A tafiyar nan akwai wata yarinya 'yar shekara biyu da na gani da idona kwance ba lafiya, na tsallake ta na yi tafiyata, don sunanta ba ya cikin jerin da ke hannuna. Ita ce ainihin labarin, sauran duk rakiya ne.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari in yi bayani. Ina aji huɗu a sashen lafiyar al'umma. Malaminmu, Dakta Mansur, yana da wani bincike na haɗin gwiwa da wata jami'a ta ƙasar waje a kan tamowa, wato ramar nan da ke kama ƙananan yara, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo gida. Ya ɗauki ɗalibai 'yan taimako ya rarraba mu, ni rabona ya faɗa Karaye da Rogo, sati uku. Aikin a baki ba wuya. Ki shiga gida, ki nemi yardar uwa, ki tambaye ta 'ya'yanta nawa da ba su kai shekara biyar ba, ki rubuta sunayensu a kwamfutar hannu, sannan ki auna dantsen kowanne da wani ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa asibiti a ranar. Kwamfutar ba ta buɗe shafin awo sai ga yaron da uwa ta ambata da bakinta. Dakta ya kuma ja mana kunne cewa mu karanta kowace tambaya yadda take a rubuce, kada mu ƙara, kada mu rage.

Ranar tafiya na fito da jakata, Umma tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na ce zan tafi. Ba ta ɗago ba.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "Ke, ki bar wa babanku lambar matar da za ki sauka a wurinta."

Shi ke nan sallamar. Haka Umma take da ni tun da na buɗe ido. Ni ce babba, a hannun kakata na tashi sai da ta rasu na dawo gida. Ƙannena tana kiran su da sunayensu har da na shagwaɓa, ni kuwa "ke". Na daɗe da daina sa abin a raina, ko in ce na daɗe ina faɗa wa kaina na daina.

Malam Isiyaku ne direban tsohuwar motar sashenmu. Mutum ne da bai san hanya da kilomita ba, da abinci ya san ta. Muna wuce Janguza ya ce nan gaba kaɗan akwai mai gasa masara da ba ta ƙona ta, bayan Kabo kuma akwai mai dafaffiyar gyaɗa da ba ta ha'inci a gwangwani. Duk mun tsaya, duk kuma gaskiya ya faɗa. Ni ina ta duba agogo ina tsaki a ciki, domin na tsara zan fara aiki a ranar. Sai bayan la'asar muka shiga Karaye, bakina duk gishirin gyaɗa.

Masaukina gidan Anti Talatu ne, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya da ta yi ritaya, aka ɗauke ta ta zama jagorata. Gajeruwa ce mai jiki, ta shekara fiye da ashirin tana yawon rigakafi a ƙauyukan nan, babu gidan da ba ta san wanda ya haifi mai shi ba. Kafin ta amsa gaisuwata ƙafata ta fara duba. Farin kambas na sa, sabo fil.

"Wannan na zuwa biki ne?" ta ce.

"Na aiki ne, Anti."

"To, Allah ya ba shi tsawon rai."

Bai samu ba. Kwana biyu ya yi a duniya, a hanyar Tudun Kaya taɓo ya haɗiye ƙafar hagu, na zaro ƙafata da safa kawai. Wasu mata da ke dawowa daga gona suka tsaya suna yi mini sannu, suna toshe baki da gefen mayafi. Washegari Anti ta sayo mini takalmin roba irin na 'yan tallan nono, shi na sa har na dawo, kuma ban taɓa sa takalmin da ya fi shi amana ba.

Abinci kuwa ban yi rama ba, duk da addu'ar da wasunku suka yi. Tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, dambu da zogale da ƙuli, kifin dam in an samu. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kowane gida muka shiga sai an kawo wani abu, ko fura ko gyaɗa ko ruwa a kwanon sha, kuma Anti ta ce ƙin taɓawa zagi ne. A birni in kin ce "Alhamdu lillahi, na ƙoshi" an rabu da ke. A nan sai a ɗauka ƙyama kike yi. Ranar farko a Tudun Kaya sai da na kurɓi fura a gida bakwai.

Sai gaisuwa. Mu a Kano muna gaisawa muna tafiya, kafin a kai "yaya gida" an yi nisa. A can sai an zauna. A fara da dagaci, a je wurin mai unguwa, a leƙa liman, sannan maigida ya shiga ya yi mana iso. A cikin gida kuma a sake sabon lale: ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya yabanya, yaya mai jiki, yaya muka ji da haƙurin wane da ya rasu bara. Ni ina tsugune kwamfuta a cinya, caji yana sauka, raina yana tafasa. Muna da zauren hira na waya mu 'yan taimako, kowa da yamma yana faɗin gida nawa ya gama, ni kuwa ba na son in zo ta biyu a komai. Wannan halina ne, kun sani.

A Kafin Dafga aka fara kirana Likita. Na yi bayani har na gaji cewa ni ɗaliba ce, wata tsohuwa ta ce to ɗalibar likita ai likita ce ƙarama, ta miƙo mini gwiwarta in duba. Wani maigida kuma ya roƙi arzikin in ɗora masa ragonsa a sikelin yara. Na ce ƙa'ida ta hana. Anti ta ce ƙa'ida ba ta ga ragon ba, aka ɗora. Bayan nan gidajen 'yan'uwansa biyar suka buɗe mana ƙofa ba tare da dogon bayani ba.

Abu ɗaya ne muka yi ta saɓani a kai ni da ita. In mun shiga gida, kafin in buɗe baki in karanta tambayata, sai ta tafa hannu ta ce, "Masha Allah, a fito mini da rundunar gidan nan kaf, har na ɗakin kaka." Yara su cika tsakar gida, na goye da na rarrafe, ita kuma ta riƙa raɗa mini a kunne: wannan na wance ne, rubuta, wancan ma nata ne. Ni abin yana ci mini rai, don yana cin lokaci kuma ba haka aka koya mana ba. Ranar nan na kasa haƙuri.

"Anti, tambayar fa a rubuce take. Uwa ake tambaya, 'ya'yanki nawa. Masana ne suka tsara ta."

Ta dube ni ta gefen ido. "To, Likita," ta ce, ta ci gaba da abin da take yi.

A sati na uku muka koma ɓangaren Rogo, kullum mu tafi da safe mu dawo Karaye mu kwana. Iyakar ƙananan hukumomin biyu ba wata iyaka ba ce, in ba a faɗa miki ba ba za ki sani ba, sai dai akwai inda 'yan sintirin wani ƙauye suka ɗaura igiya suna duba masu wucewa. Babbansu wani ƙato ne mai fara'a. Ya leƙa bayan mota ya ga sikeli da tef, aka yi masa bayani, sai ya naɗe hannun riga ya ce shi ma a auna shi. Tef ɗin ko rabin dantsensa bai zagaye ba.

"To ni wane launi ne?"

"Ranka ya daɗe, kai ka wuce launi," in ji Malam Isiyaku.

Daga ranar, da ya hango motarmu yake sauke igiya yana ɗaga mana dantse.

Ana jibi za mu koma Kano aka yi rasuwa a maƙwabtan Anti, ta ce ba za ta iya fita ba. Abin da ya rage mana wata ruga ce a yankin Falgore, gida huɗu kacal. Ta ce in bari sai gobe mu je tare. Na ce ai na iya, sati biyu da rabi ba kwana biyu ba ne. Gaskiyar magana, so nake in yi aiki rana ɗaya yadda aka rubuta shi, ba rago ba fura, in ga gida nawa zan gama.

Mota ba ta kaiwa rugar. Akwai rafi, a bakinsa Malam Isiyaku ya tsaya, na tsallaka ruwa iya idon sawu, na bi ta tsakanin dawa da gyaɗa har na isa. Gida uku na gama kamar walƙiya. Na huɗu na wani dattijo ne da suke kira Baffa. Matarsa, Goggo, tana zaune a ƙofar bukkarta tana kaɗa, ƙafa ɗaya a miƙe. Matar ɗansu kuma, Dije, doguwa mai sanyin murya, tana gefe da jariri a cinya. Mijinta ya yi nisa da shanu saboda gonakin mutane. Na yi gaisuwata ta birni, na karanta takardar neman yarda, Baffa ya ce a yi. Na zauna gaban Dije, Goggo tana jin mu.

"Shekararki nawa da aure?"

"Huɗu."

"'Ya'yanki nawa da ba su kai shekara biyar ba?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da ƙafar jaririn. Na maimaita, kalma bayan kalma, yadda aka koya mini.

"Ga shi nan," ta ce.

"Shi kaɗai?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na rubuta ɗaya. Na auna shi, ɗan wata bakwai, kore shar. Ina naɗe tef sai idona ya faɗa kan wata yarinya kwance a tabarma a bayan Goggo, an lulluɓa mata zane. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, fuskarta a kumbure, ko ƙuda ba ta korewa.

"Wannan fa?" na ce.

Dije ta kawar da kai gabas. "Ta Goggo ce."

Na san abin da jan gashi da kumburi suke nufi, na ci jarrabawa a kansu. Amma a raina na ce jika ce da aka kawo daga wani gari, uwarta ba ta nan, ba wanda zai ba da yarda, kwamfuta ba ta da shafinta. Hadari kuma ya haɗo ta gabas, ga rafi a gabana. Na ce wa Goggo Allah ya ba ta lafiya, a daure a kai ta asibiti, irin maganar da mutum ke yi yana sa takalmi. Na fito.

Na kai bakin shinge sai na ji taku a bayana. Dije ce, jaririn a goye, ta miƙo mini ƙwan zabo shida a 'yar ƙwarya.

"Likita, kin gama ke nan?"

"Na gama. Yaronki lafiyarsa ƙalau."

"Duk kin gama?"

Ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo, sai ta ɗan juya kai wajen bukkar Goggo ta dawo da shi. Ni kuwa na ɗauka gidan sauro ko sabulu take sa ran a ba ta.

"Ba ma raba komai," na ce mata. "Bincike ne kawai."

Har yau in na tuna muryar da na faɗi wannan da ita, kunya takan rufe ni.

Bayan magariba muna cin tuwo, na ajiye wa Anti ƙwan ina ba ta labarin yadda na gama da wuri. Ta ɗauki ɗaya tana juya shi.

"Wa ya ba ki?"

"Wata Dije. Har bakin shinge ta biyo ni."

"Har shinge? Ruwa ba ya tsami banza. Karanto mini abin da ta ce."

Na karanta. Aure shekara huɗu, ɗa ɗaya, wata bakwai.

"Wa ke zaune a wurin da kike tambayarta?"

"Uwar mijinta."

"Ba ki ga wani yaro a gidan ba?"

"Akwai wata mara lafiya, amma ta ce ta Goggo ce."

Anti ta tsame hannunta daga kwano. Ta tambaye ni kamannin yarinyar, na faɗa.

"'Yar farinta ce," ta ce. "A gaban uwar miji kike so ta buɗe baki ta ce tawa ce? Ko yanka ta za ki yi ba za ta faɗa ba. Ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta sa ta a ƙirga. Da aka yaye ta kaka aka miƙa wa. Biyo ki da ta yi har shinge, iyakar ihun da za ta iya ke nan. Kin zaci don me nake cewa a fito da na ɗakin kaka?"

Sai ta juyo kaina.

"Ke ba Bahaushiya ba ce? Ke ta nawa ce a ɗakinku?"

"Ta fari."

Ta daɗe tana kallona. "To, Allah ya kyauta," ta ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba sabon abu ta faɗa mini ba. Kunyar ɗan fari wa bai san ta ba? A cikinta na girma. Amma da na riƙe kwamfuta sai na ajiye duk abin da na sani a bakin ƙofa, na shiga gidan mutane kamar baƙuwa daga wata ƙasa.

Na kira Dakta Mansur a take, na ce ina so in koma rugar. Ya ce ai na riga na tura bayanan rugar an rufe, gobe kuma ranar haɗa kaya ce, motar tana da wani aiki. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da maganar sabulu.

"Ni na fassara tambayar nan da hannuna," ya ce, "kuma ban tuna ba. Ku koma da sassafe. Zan sa a buɗe miki shafin."

Ruwa aka kwana ana yi. Da muka isa rafin, wanda na tsallaka jiya iya idon sawu ya kai cinya, ja wur, yana gudu. Na tsaya ina kallonsa. Anti ta tattare zane, ta ɗora jakarta a ka, ta ce in riƙe ta in kuma daina kallon ruwa, in kalli bishiyar tsallake. Kwamfutar a leda na ƙulle ta na ɗora a ka kamar mai tallan goro. Haka muka haye.

Anti ba ta nufi wurin Dije ba, ko kallonta ba ta yi ba. Wurin Baffa ta fara, ta ajiye masa goro, suka gaisa da Fulatanci suka dawo Hausa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa, aka tambayi ƙafar Goggo. Ni ina tsugune ina hango tabarmar, ina so in ga zanen yana motsi. Yana motsi kaɗan-kaɗan. A ranar ban duba agogo ba. Sai da aka gama tsaf sannan ta matsa kusa da Goggo.

"Goggo, an ce mini ƙawarki ba ta jin daɗi."

"Wallahi tun da aka yaye ta," in ji Goggo. "Nonon ciki ta sha. Babu jiƙon da ban ba ta ba. Ga shanu sun yi nisa, ɗan nonon da za ta sha ma babu. Yanzu ko kunu ta daina karɓa."

"Yaya sunan ƙawar taki?"

"Shatu."

"Kin yarda Likita ta duba miki ita?"

"Ai don ita na ga kamar an zo jiya."

Wannan maganar ta shige ni. Na durƙusa na yaye zanen. Na zagaya tef a dantsenta, ya tsaya can cikin ja. Na danna babban yatsa a bayan ƙafarta na ɗaga, gurbin ya zauna bai ciko ba, ɗaya ƙafar ma haka. Shatu ta buɗe ido ta dube ni, ko kuka ba ta yi ba. A shafin da aka buɗe mini na rubuta sunanta, wurin sunan uwa kuma na rubuta Dije, ban tambayi kowa ba.

Anti ta yi wa Baffa bayani ba ɓoye-ɓoye, cewa wannan ba ta jiƙo ba ce, kwanciya ce a babban asibiti, kuma yau, ga mota a tsallake. Baffa ya shafa gemu ya ce ɗansa ba ya nan, amma rai ba ya jiran mai shanu, a tafi. Saura wa zai yi jinya. Kowa ya san Goggo da wannan ƙafa ba za ta iya kwana da tashi a asibiti ita kaɗai ba, kowa kuma ya san wadda ya kamata ta je ba za ta ce ni ba. Dije tana can bakin murhu ta ba mu baya, tana hura wutar da ta riga ta kama.

"Goggo, ke za ki yi jinyar ƙawarki," in ji Anti. "Sai dai ƙafar nan taki. Da za a samu wadda za ta raka ki, ta riƙa ɗebo miki ruwa."

Goggo ta gane. Ta ɗaga murya ba tare da ta juya ba. "Ke, tashi ki haɗa mini kaya, ki raka ni."

Dije ta shiga bukkarta, kafin in ƙifta ido ta fito da ƙunshi a ɗaure tsaf. Ba a lokacin ta ɗaure shi ba, ba yadda za a yi. Ta gefen ƙullin ina hango 'yar riga da ɗan kofin roba. Tun jiya yake jiran wanda zai tambaya.

Kafin mu tafi Anti ta zagaya sauran gidaje ukun ta yi kiran rundunarta. Aka samu wani ɗan fari a ɗakin kaka da ban rubuta ba. Shi kore ne, Allah ya rufa mini asiri.

Goggo ce ta goya Shatu har bakin rafi, tana dogara sanda. Da ta ga ruwan ta tsaya.

"Ke, riƙe mini ƙawata. Ba zan iya ruwan nan da goyo ba."

Dije ta matso. Ta kwance jaririn ta miƙo mini, ta juya baya aka ɗora mata Shatu, ta ɗaure ta can sama, ta tallafe ta da hannu biyu. Anti ta kama Goggo suka yi gaba, mu muna baya kafaɗa da kafaɗa. A tsakiyar rafi, inda ƙarar ruwa ta fi yawa, na ga ta karkata kai wajen kafaɗarta, bakinta yana motsi. "Shatu," take cewa a hankali. "Shatu. Shatuna." Sai ta lura ina kusa, ta yi sauri ta kawar da kai. Ni ma na mai da idona kan bishiyar tsallake, kamar ban ji ba. A duk tafiyar, wannan ne abu na farko da na yi daidai ba tare da Anti ta faɗa mini ba.

Malam Isiyaku bai tsaya wurin mai masara ko ɗaya ba a ranar. A asibiti aka karɓe ta nan da nan, aka ba su gado, aka fara ba ta wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan da cokali. Ma'aikaciyar ta ce sai an ga kwana uku na farko kafin a ce wani abu. Da za mu tafi na je yi wa Dije sallama, na rasa abin faɗa, sai na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Likita, ai kin dawo."

Na iso gida da daddawa da gyaɗa da takalmin roba. Umma ta dube ni sau ɗaya ta ce wa ƙanwata a zuba mini abinci. A makaranta Dakta ya tara mu ya sa na ba da labarin a gaban kowa, ban ji daɗi ba amma na bayar. Ya rubuta wa abokan aikinsa na waje, aka sauya tambayar. Yanzu ana cewa a fito da duk yaron da ke kwana a gidan, a kuma tambayi kaka. Wato dai abin da Anti Talatu take yi da tafin hannu, shi aka mayar Turanci aka sake dawo da shi Hausa.

Ni kuwa duk wannan bai dame ni ba, wayar Anti nake jira. Na kira ta har ta ce in bar ta ta sha ruwa. Ranar kwana na goma sha biyu da yamma ita ta kira da kanta.

"Likita, kumburi ya saɓe. Ta fara cin maganin tamowar nan na gyaɗa da ke zuwa a leda, jiya har ta fizge leda a hannun ma'aikaciya. Gobe za a sallame su, su riƙa zuwa karɓa duk sati."

Na zauna a bakin gado, hawaye suna zuba, ina ta alhamdu lillahi.

"Sai kuma ki gaida mini matar nan," in ji Anti.

"Wace mata?"

"Wadda take kirana kullum bayan sallar asuba, tun ranar da kika sauka har ranar da kika tafi. Sati uku ba ta yi fashi ba, kuma ko sau ɗaya ba ta faɗi sunanki ba. Yaya baƙuwarki ta kwana, ta ci abinci kuwa, shi ke nan sai ta kashe. Ta ce kada in faɗa miki. Na ga yanzu kin yi karatun da za ki gane."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Sannan na goge fuskata na fito tsakar gida. Umma tana zaune a tabarma da garin tuwo a gabanta.

"Umma, Anti Talatu tana gaishe ki."

Hannunta ya ɗan tsaya a cikin garin. Ba ta ɗago ba.

"Ina amsawa," ta ce. "Ke, miƙo mini rariyar can."

Na miƙa mata, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna a gefenta har ta gama tankaɗen.